Tsofaffin jiragen ƙasa masu kwal da ake tayarwa a Ingila: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Shekara uku kenan duk Asabar ɗin da na samu sarari ina zuwa aikin sa kai a wani ɗan layin dogo na tarihi a arewacin Ingila, inda har yau ake tuƙa jiragen nan na zamanin kakanninmu masu cin kwal. Muƙamina dai shi ne na can ƙasa, mai goge-goge da kwashe toka. Tun ranar da mutanen gida suka ga hotona na yi baƙi ƙirin sai haƙora ke haske tambaya ta ƙi ƙarewa, wani ya ce sana'ar gawayi na koma, ƙanwata kuwa cewa ta yi wai "Yaya dama abin da ya kai ka Turai kenan?" To ga amsa nan gaba ɗaya, in huta.

Wai shi jirgin da me yake tafiya ne, kwal ko ruwa?

Duka biyun. Dogon cikin nan da kake gani kamar tanki tukunya ce cike da ruwa, a bayanta akwai ɗakin wuta inda ake watsa kwal da shebur, zafin wutar yana bi ta bututai masu yawa da suka ratsa cikin ruwan har ya tafasa. Ruwa in ya zama tururi yana neman wurin da ya ninka nasa fiye da sau 1,600, to an toshe shi ba hanya, sai ta inda direba ya buɗe masa ya je ya tura fistan, fistan ya tura sandunan ƙarfe, su kuma su juya ƙafafun. Duk matar da ta taɓa ganin murfin tukunya yana rawa a kan murhu ta gama gane karatun. Ƙarar nan ta fuf-fuf-fuf kuma tururin da ya gama aiki ne yake fita ta sama, yana fita yana zuƙo iska ta ƙarƙashin wutar, wato iya wahalar da jirgin yake sha iya ruruwar wutarsa.

Ina suka samo su, ba an daina amfani da su tuntuni ba?

An daina. A watan Agusta 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami na ƙarshe, dubbai aka sayar wa 'yan gwangwan aka yanka su. Abin da ya ceci da yawa wani ɗan gwangwan ne a garin Barry na yankin Wales, Dai Woodham, ya sayi kan jirgi 297 ya jere su a fili kusa da teku, sai ya ga yankan taragun kaya ya fi sauƙi ya fi kawo kuɗi da wuri, ya ce bari ya fara da su tukunna. Taragu suka yi ta zuwa ba ƙarewa, kawunan jirgin suna nan ruwan sama da iskar gishiri suna cin su. Masu sha'awa suka fara haɗa kuɗi suna zuwa suna saye ɗaya bayan ɗaya, daga 1968 zuwa 1990 guda 213 suka fita daga filin nan da ransu. Shi mutumin kasuwa ya yi ba taimako ba, ya ma sha faɗin haka, amma dai a nan in ka ambaci sunansa sai ka ga dattawa suna gyaɗa kai.

Shi kuwa tsarin a ce 'yan sa kai su karɓi layin dogo sukutum su riƙa gudanar da shi, a Talyllyn aka fara a 1951, nan ma Wales, wani siririn layi da aka yi don ɗaukar dutse daga ma'adana.

Me ya fi wuya wajen gyaran?

Tukunya, tukunya, tukunya. Kowa in ya zo fenti yake kallo da tagullar da muka goge tana walƙiya, alhali abin da ke hana shugabannin wurin barci yana ƙarƙashin rigar ƙarfen da ba a gani.

Ga yadda abin yake. Tukunyar tana ɗauke da matsin da ya kai nauyin fam 200 zuwa 250 a kan kowane murabba'in inci a manyan jirage, saboda haka doka da kamfanin inshora ba sa wasa. Kowace shekara sufeto zai zo ya duba ta a sanye sannan ya duba ta da wuta, kuma takardar izininta gaba ɗaya ba ta wuce shekara 10. Ranar da ta cika, ko jiya jirgin ya yi gudu lafiya lau kamar sabo, za a kashe wuta a tura shi rumfa. Sai a ɗaga tukunyar daga kan gangar jikin da kuren, a zare bututan duka, a kankare, a auna kaurin ƙarfe wuri-wuri.

Ɗakin wutar a jiragen Birtaniya yawanci da jan ƙarfe ake yin cikinsa, kuma tsakanin bangon ciki da na waje akwai wasu gajerun sanduna masu zare da ke riƙe su kada matsi ya lotsa su, a babban jirgi sun haura dubu. Na taɓa tsayawa ina riƙe wa wani dattijo fitila, ya shiga ɗakin wutar ta ƙofar da ni sai na cire jaket na matse ciki nake wucewa, yana bin sandunan nan da 'yar guduma ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas, ƙwas, can sai ya tsaya ya sake bugun wata ya sa mata alli. Wallahi ni duk ƙara ɗaya na ji. Da aka ciro ta kuwa a karye take. Mutumin ya haura 75, kuma a duk wurin mutum biyu ne kawai suke da wannan kunnen, wannan ya fi tsatsa ba ni tsoro.

In an gama haɗawa sai a cika ta maƙil da ruwan sanyi a matsa da famfo har ya wuce matsin da za ta yi aiki da shi. Dalilin yin gwajin da ruwa shi ne ruwa ba ya matsuwa, in wani wuri ya gaza sai dai ka ga tsiyaya, da tururi ne kuwa sai dai a tara gutsattsari. Wani abin haushin, daga ranar gwajin nan shekara goman take fara ƙirguwa, in sauran jikin jirgin bai gama haɗuwa ba lokaci yana ta tafiya a banza.

Sauran kayan kuma ba shagon da za ka je ka ce a ba ka. Sai a nemo tsohon zanen injiniyoyi in yana nan, kafinta ya sassaƙa samfuri da katako, a kai maƙera a zuba narkakken ƙarfe, a dawo a gyare. Tsofaffin da ba a taɓa buɗewa ba wasu an naɗe tukunyarsu da asbestos, farar audugar nan mai kashe huhu, ita sai ƙwararru masu lasisi ke taɓa ta.

Nawa gyaran yake ci?

Ka ɗauki Flying Scotsman, wanda ya fi kowanne suna. An ƙera shi a Doncaster a 1923, Nigel Gresley ne ya zana shi, a 1934 ya zama na farko da aka tabbatar a hukumance ya kai gudun mil 100 a awa. Da aka sallame shi a 1963 wani attajiri Alan Pegler ya saye shi fam 3,000, ya kwashe shi zuwa Amurka a 1969 yawon nuni, can ya karye tatas jirgin ya maƙale, sai a 1973 wani mai kuɗin, William McAlpine, ya biya ya dawo da shi gida. A 2004 gidan tarihin jiragen ƙasa na York ya saye shi fam miliyan 2.3, aka shiga gyara a 2006 da lissafin wajen shekara ɗaya da fam miliyan ɗaya. Hmm. Duk inda aka buɗe sai a tarar da wata cuta, har tsagewa aka gano a gangar jikinsa lokacin da ake ganin an kusa gamawa. Bai dawo hanya ba sai 2016, kuɗi ya tashi fam miliyan 4.2.

Abin dariyar, ƙera sabo fil ya fi wannan araha. Akwai wani samfuri da aka yanka dukkan 49 ɗin da aka yi ba a bar ko ɗaya ba, sai wasu suka kafa ƙungiya a 1990 suka ce za su yi na 50, mutane suna ba da 'yan kuɗi kaɗan-kaɗan duk wata kamar adashe. A 2008 aka gama shi a Darlington, sunansa Tornado, kuɗinsa wajen fam miliyan 3, tukunyar ma a Meiningen ta Jamus aka yo ta. A 2017 shi ma ya taka mil 100.

Namu ƙanana ba sa kai wa can, amma dai dubban ɗaruruwa ne, kuma daga tikiti da shayi da kek da wasiyyar mamata ake tara su.

To in an canza tukunya an canza wannan an canza wancan, ai ba shi ne na asalin ba ko?

Nan ne faɗan yake, kuma ba a gama shi ba. Flying Scotsman na yau abin da ya rage a jikinsa daga 1923 kaɗan ne, tukunya ta sha canji, ƙafafu haka, tun ma yana aikin gwamnati ake musanya masa kaya da 'yan uwansa. A York ɗin akwai Mallard, shuɗin nan da ya kai mil 126 a ranar 3 ga Yuli 1938, gudun da har yau ba jirgin tururin da ya karya, shi an ajiye shi ne a ɗaki ana kallo, rabonsa da wuta tun 1988. Masu kula da kayan tarihi suna cewa duk ranar da ka hura wa abu wuta kana cinye shi ne, gyara kuma yana nufin jefar da ƙarfen da ya ga tarihi.

Suna da gaskiyarsu, kuma wanda ya rage shi kaɗai a duniya ni ma na yarda a bar shi ya huta. Amma ni a gidan ƙasa na tashi, duk shekara kafin damina sai an yi yaɓe, ƙasar da kakanmu ya kwaɓa da ƙafarsa ruwa ya wanke ta tuntuni, ba wanda ya taɓa cewa ba gidansa ba ne. Gidan da aka daina yi wa yaɓe shi ne kango. Jirgin da ke sanye a ɗaki ba ya koya wa kowa yadda ake riƙe wuta a kan hawa, ba wanda zai gaji kunnen dattijon can a jikinsa.

Da safe makulli ake murɗawa ya tashi?

Ina! Tun jajibere ake sa masa 'yar ƙaramar wuta ya kwana yana ɗumi, don ƙarfe mai sanyi in ka afka masa da zafi wani ɓangare zai buɗe kafin wani, abin da ke karya sandunan can kenan. Ni nakan iso wajen biyar na asuba, in yi salla a ɗakin canza kaya, lokacin sanyi hannu har ba ya lanƙwasuwa. Abu na farko kafin ashana, a duba gilashin da ke nuna ruwa, a leƙa ɗakin wuta da tocila ko akwai ɗigo. Sannan a kwashe tokar jiya, a shimfiɗa kwal, a jera fasassun katakai, a ɗora tsumma mai kananzir a kan shebur a kunna a miƙa ciki. Hayaƙin farko ba ya bin sama, ta ƙofa yake dawowa ya cika maka ido da hanci. Daga nan sai jira, awa uku huɗu, kana goge jiki direba yana zagayawa da butar mai yana ɗiga wa kowace gaɓa, har ka fara jin tukunyar tana wani siririn kuka kamar buta ta kusa tafasa, allurar geji ta ɗaga.

Satina na biyu aka tura ni rami ƙarƙashin jirgi in zazzage toka, ba wanda ya tuna ya gaya min a fara jiƙa ta da tiyo. Na ja ƙarfen kawai, ai kuwa ta zubo min gaba ɗaya har cikin riga, da ɗuminta. Hoton da ƙanwata ta gani kenan.

Suna da wata al'ada ta soya karin kumallo a kan shebur, a goge shi a miƙa cikin wuta minti ɗaya ya soyu. Da na ce musu ba na cin abin da suke soyawa, sati na gaba na tarar an rataye wani shebur daban an rubuta sunana da fenti, ƙwai nake soyawa a kai.

Ba ya fashewa?

Zai iya, shi ya sa ake duk wannan wahalar. Babban haɗarin shi ne ruwa ya yi ƙasa rufin ɗakin wuta ya fito fili, wuta a ƙasa ba ruwa a sama, sai ya yi laushi ya rufta. Don haka ake dasa wasu ƙusoshi masu dalma a ciki a rufin, in ruwa ya sauka dalmar ta narke tururi ya feso cikin wutar da ƙara, gargaɗi ne na a zubar da wutar yanzu-yanzu. Wanda ya bari hakan ta faru a hannunsa kuwa ya daɗe ana ba da labarinsa. A 1995 a Gettysburg ta Amurka rufin ya rufta wa wani jirgin 'yan yawon buɗe ido, ma'aikata uku suka ƙone, bincike ya nuna dattin ruwa ya toshe hanyar gilashin. Bayan nan Amurka ta tsaurara doka, duk kwana 1,472 na aiki ko shekara 15 sai an kwance tukunya.

Kwal ɗin fa, a nan ake haƙowa?

Ka taɓo inda ke ciwo. Ƙasar da ta koya wa duniya cin kwal yau ita ke saye daga waje. Ramin kwal mai zurfi na ƙarshe, Kellingley, an rufe shi a Disamba 2015, Ffos-y-fran ta Wales da kusan kowa ke sayen kwal ɗin jirgi a wurinta ta rufe a ƙarshen 2023, na Rasha kuma yaƙin Yukren ya toshe shi tun 2022. Yanzu sai na Kazakistan da Kolombiya, a ɗoro shi a jirgin ruwa a zagayo rabin duniya wai da sunan an rage gurɓata iska, ni dai lissafin bai fito min ba. Kuma ba kowane kwal ba ne, ana son dunƙule-dunƙule kamar dunƙulen hannu, wani in ya ƙone sai ya narke ya daskare a kan ƙarafan ƙasa kamar ƙanzo ya toshe iska, jirgi ya tsaya a daji da fasinja.

Ana gwada wani na haɗi da ake cakuɗa garin kwal da ƙwallon zaitun. A Amurka da yawa sun koma mai, Big Boy mai lamba 4014, ƙaton da aka ƙera a 1941 aka tayar a 2019, mai yake sha, na Grand Canyon kuwa tsohon man suya na gidajen abinci ake ɗura masa. Masu tuyar ƙosai sai ku fara tarawa.

In rani ya yi tsanani ma ajiye su ake a fito da na dizal, don tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonar mutane.

Ana biyanku?

Ko sisi. Kai ne ma za ka biya kuɗin zama mamba ka sayi takalmi. Akwai 'yan ma'aikatan dindindin a wurin gyara, saura duk sa kai ne, tsohon likita, direban bas, malamar makaranta. Daga mai gogewa ake zama fayaman, wato mai zuba kwal a wuta, daga nan direba, kowane mataki da jarrabawar doka da gwajin ido, abin yakan ɗauki shekaru masu yawa kuma ba ruwansu da digirinka.

Jiragen ƙasa ne kawai?

A'a, akwai na girke, wasu ma sun fi burge ni. A Crossness gabashin Landan akwai injuna huɗu da aka kafa a 1865 don tura ƙazantar birni bayan warin da ya addabi majalisa a 1858, gidan turo kashi ne amma an ƙawata shi da ƙarfe mai fenti kamar fada. An yi watsi da su a shekarun 1950, 'yan sa kai suka haƙe ɗaya daga tsatsa da yashi, Prince Consort, ya sake motsi a 2003. Na Kempton tsayinsa ƙafa 62, ya yi ta tura wa Landan ruwan sha har 1980. A Crofton kuma akwai na 1812 yana nan inda aka dasa shi, kuma in an hura masa wuta har yau ruwa yake ɗagawa na gaske.

Mu fa a gida, ina namu suka shiga?

Tambayar da ta fi damuna kenan. Layin Baro ya iso Kano a 1911, irin waɗannan kawunan ne suka yi ta jan gyaɗa da auduga da fata zuwa teku, da kwal ɗin Inugu, kuma yawancinsu a Glasgow da Manchester da makamantansu aka ƙera su, wasu har sunayen kogunanmu aka sa musu. Akwai siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, an rufe shi a 1957, ragowarsa tana gidan tarihi na Jos. A Ebute Metta ta Legas akwai Jaekel House, tsohon gidan reluwe da ƙungiyar Legacy ta gyara ta mai da ɗan gidan tarihi. Amma kallo ne kawai, ba wuta.

Saliyo ta ɗan fi mu sa'a. Da aka rufe layinsu, wani layin tarihi na Wales, Welshpool da Llanfair, ya sayi kan jirgi mai lamba 85 da taragu a 1975 ya kawo su nan suka ci gaba da ɗaukar fasinja, sauran kuma suka tsira a wata rumfa a Freetown har yaƙi ya wuce, aka buɗe gidan tarihi da su a 2005.

Ko za a iya tayar da ɗaya a Zariya ko Kafanchan? Maƙera da 'yan walda ba mu rasa ba, wanda ya ga abin da ake haɗawa a Panteka ta Kaduna ba zai yi musu ba. Abin da za a rasa shi ne mai duba tukunya ya sa hannu, da kuɗin da za a sake nema bayan shekara 10, sannan tsofaffin fayaman da direbobin da suka san aikin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake da irinsu a gida don Allah ya zauna da Baba ya kunna rikoda a waya ya tambaye shi yadda ake hawa tudun Jos da kaya.

In na zo Ingila ina zan je in gani?

Gidan tarihin York shiga kyauta ne, nan Mallard yake. In hawa kake so akwai North Yorkshire Moors ko Severn Valley ko Bluebell a kudu, sai dai ka duba jadawali tukunna don ba kullum ake hura wuta ba, lokacin sanyi da yawa a rufe suke. Flying Scotsman kuma yawo yake, ba lallai ka same shi a York ba. Kar ka sa farar shadda, kuma in ka leƙa ta taga ka kare idonka, ɓurɓushin kwal yana shiga.